Bishop Samuel Ajayi Crowther: Sanda a Hannunsa, Iko a Landan

A shekarar 1854 wani jirgin ruwa na Turawan Ingila mai suna Pleiad ya hau Kogin Binuwai, wato wannan kogi da mutanen Limawa da sauran unguwannin Jimeta suka saba gani kullum. Jirgin bai kai Yola ba. Ya tsaya a ƙasar Muri, wadda yau take cikin Jihar Taraba, daga nan waɗansu cikin matafiyan suka taka har garin Hamaruwa domin su gai da sarki. Cikinsu akwai wani fasto Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda bayan shekara goma ya zama baƙar fata na farko da aka keɓe Bishop a ɗarikar Angilikan.

An haife shi wajen 1809 a Osogun, cikin ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin bayi na 'yan Fotugal. Sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke shi a Saliyo. Can ya karɓi baftisma a 1825, ya kuma zama ɗalibi na farko a makarantar Fourah Bay a 1827. A 1841 ya raka Rabaran J. F. Schön, Bajamushen nan da ya ba da ransa ga nazarin Hausa, zuwa Kogin Kwara. Aka naɗa shi aikin fasto a 1843. Da ya je Abeokuta a 1846, sai Ubangiji ya sada shi da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Shi ne kuma ya ja ragamar juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Babban sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin da ya sha gaban zamaninsa. A ganinsa, aikin ɗan mishan shi ne ya kafa ikkilisiya wadda za ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa Bishara da kanta, sa'an nan ya kauce. Domin wannan ya dage har aka keɓe Crowther Bishop a babbar majami'ar Kantabari ran 29 ga Yuni 1864.

Amma tun ranar keɓewar akwai ɓaraka. Waɗansu 'yan mishan Turawa, musamman Henry Townsend na Abeokuta, sun ƙi zama a ƙarƙashin baƙar fata. Maimakon a tsawata musu, sai aka shata iyakar aikinsa yadda zai kewaye su: aka ba shi ƙasashen da ke wajen mulkin Sarauniyar Ingila, su kuwa Turawan suka zauna ƙarƙashin Bishop na Saliyo. Kuɗin aiki da albashin ma'aikata duk daga Landan suke fitowa. Wato an ba shi sanda, ba a ba shi jaka ba.

Duk da haka ya yi aiki. Daga Onitsha, inda aka kafa Mishan na Kwara a 1857, tashoshi suka bazu zuwa Lakwaja da Bonny da Brass, kusan dukansu a hannun 'yan Afirka. Ya san yadda ake zama da sarakunan Musulmi cikin mutunci ba tare da ya ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya sha ziyartar Etsu Masaba na Bida. Daga baya Etsu Maliki ya rubuto masa wasiƙa yana neman ya roƙi Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Ba ƙaramar amana ba ce sarki Musulmi ya zaɓi Bishop ya zama bakinsa.

Venn ya rasu a 1873, iska kuwa ta juya. A 1878 aka aiko da jirgin mishan mai ɗauke da sunan Venn ɗin, amma aka danƙa shi ga wani Bature wanda ba ma fasto ba ne. Sannu a hankali sha'anin kuɗi ya bar hannun Bishop. Gaskiya ne akwai laifuffuka a cikin mishan ɗin. Waɗansu ma'aikata sun shiga fatauci, waɗansu sun faɗi cikin zunubi mai muni, Crowther kuwa mutum ne mai sanyin hali, ya fi son gargaɗi da kora. Sai dai an ba shi fili mai faɗin gaske da ma'aikata marasa isasshen horo da albashi, sa'an nan aka ɗora masa laifin abin da ya biyo baya.

A 1890 waɗansu samari masu zafin himma suka iso daga Ingila, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda burinsu shi ne su kai Bishara ƙasar Hausa daga Lakwaja. A taron kwamitin kuɗi a Onitsha cikin Agustan wannan shekara, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da ma'aikata 'yan Afirka a gaban Bishop ɗinsu, har da ɗansa, Archdeacon Dandeson Crowther. Bisa tsarin Angilikan, horon fasto hakkin Bishop ne, ba na sakatare ba. Dattijon, mai shekara wajen 80, ya sauka daga kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi mutuwa, Brooke kuwa ya bi bayansa a 1892, ba wanda ya kafa aiki a ƙasar Hausa.

Ikkilisiyoyin bakin teku suka janye daga ƙarƙashin CMS a 1892, suka riƙe kansu a hannun Dandeson, amma ba su bar ɗarikar Angilikan ba. Kujerar Crowther Bature aka ba, 'yan Afirka suka tsaya a matsayin mataimaka. Sai a 1952, bayan shekara 60, aka sāke samun ɗan Nijeriya mai riƙe da dayosis tasa, wato Bishop A. B. Akinyele na Ibadan. Ikkilisiyar Nijeriya ta tsaya da ƙafafunta a 1979, aka kuma kafa Dayosis ta Yola a 1990.

Tambayar da ta ci Crowther, wato wa ke da ikon yanke magana a cikin Ikkilisiya, ta komo da wata fuska. Bayan saɓanin koyarwa a kan aure da jinsi da ya tsananta a 2003, Ikkilisiyar Nijeriya ta gyara tsarin mulkinta a 2005, ta ɗora zumuntarta a kan bangaskiya ɗaya maimakon kujerar Kantabari. A 2008 bishop-bishop ɗinta suka ƙaurace wa taron Lambeth, suka tafi taron GAFCON a Urushalima. A 2014 kuwa, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka keɓe shi, ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa.