Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ƙurar Hamada

Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko. Hotonsa ne kuke gani a jikin takardar naira biyar. An haife shi cikin shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, a ƙasar Bauchi. Shi ba ɗan sarki ba ne, ba kuwa ɗan attajiri ba. Ya fara da karatun allo, sa'an nan aka sa shi elementare. Daga nan ya wuce Bauchi, cikin 1928 kuma ya shiga Kwalejin Katsina, inda ake koyon aikin malanta.

Da ya gama cikin 1933, sai ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil, har ya zama babban malaminta. A lokacin nan ne ya rubuta littafin Shaihu Umar. Cikin 1945 aka aika shi Landan ƙarin ilmi. Da ya komo sai aka zaɓe shi wakili a majalisa. Mutum ne mai natsuwa, mai daɗin murya, ba ya magana sai ya auna. Ya zama Ministan Ayyuka cikin 1952, cikin 1957 kuwa ya zama Firayim Minista, yana zaune a Ikko, babban birnin ƙasa a wancan zamani.

Bai daɗe bisa wannan aiki ba sai wani labari mai tayar da hankali ya iso. Aka ji Faransawa suna shirin gwada bam ɗin atom a cikin hamadar Sahara. Don ku gane abin da ya tsorata mutane, sai ku san ko mene ne atom. Kowane abu a duniya an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. Su ne ake kira atom. Akwai wani ma'adini mai suna yuraniyam. In aka fasa ƙwayoyinsa, sai zafi mai tsanani ya fito. In an fito da zafin a hankali, akan tafasa ruwa da shi, tururin ya juya inji, a sami wutar lantarki. In kuwa an sake shi gaba ɗaya, ya zama bam. Irinsa guda ɗaya ne ya rushe birnin Hiroshima na ƙasar Japan cikin 1945.

Ba ƙarar bam ɗin da wutarsa kaɗai ne abin tsoro ba. Yakan ta da ƙura mai dafi zuwa sama, dafin kuwa ba shi da launi, ba shi da wari. In ƙurar ta sauka bisa ciyawa, shanu su ci, sai dafin ya shiga nono. In ya yi yawa a jikin mutum, yana iya jawo ciwon daji bayan shekaru.

To, duk yaron da ya tashi a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ya san hunturu. Ya san yadda hazo kan rufe duwatsu har a kasa hango su, ya kwanta bisa dabino da rumbuna da bakin rijiyoyi. Wannan hazo daga hamada iska take kwaso shi. A lokacin nan ƙasar Dutse tana cikin Lardin Kano, don sai cikin 1991 aka yi Jihar Jigawa. Mutanen Nijeriya suka yi ta tambaya, iskar da ke kawo hazo, me zai hana ta kawo dafi? Faransawa suka ce wurin gwajin, kusa da Reggane a ƙasar Aljeriya, nesa yake da jama'a, ba wanda zai cutu. Gaskiya ne tsakanin Reggane da Dutse ya fi mil dubu. Amma iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

Abubakar bai raina tsoron talakawa ba, bai kuwa ƙara rura shi ba. Cikin 1959, tun Nijeriya tana hannun Ingilishi, ya tafi Landan ya kai kukan jama'arsa. Aka shirya a kafa wuraren auna iska a Nijeriya, don a san abin da take ɗauke da shi, a daina dogara ga jita-jita.

Faransawa dai ba su fasa ba. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, ana tsakiyar hunturu, suka tashi bam na farko, ƙarfinsa kuwa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Ran 1 ga Afrilu suka tashi na biyu. Ran 1 ga Oktoba Nijeriya ta sami mulkin kai. Ba a cika wata uku ba, ran 27 ga Disamba, suka tashi na uku.

Yanzu fa Nijeriya tana da bakin kanta. Faransa babbar ƙasa ce mai ƙarfi da dukiya, Nijeriya kuwa jaririya ce mai neman abokai. An san Abubakar da haƙuri, ba a san shi da gaggawa ba. Duk da haka, ran 5 ga Janairu, 1961, gwamnatinsa ta ba jakadan Faransa awa 48 ya bar ƙasar. Ta kuma hana jiragen ruwa da na sama na Faransa tsayawa a Nijeriya. Bayan 'yan watanni aka buɗe wa jiragen hanya, don hanin ya ƙuntata wa maƙwabta masu shigo da kaya ta tashoshin Nijeriya. Amma sai da shekaru suka shuɗe kafin ƙasashen biyu su sāke musayar jakadu.

Faransa ta yi gwaji na huɗu cikin Afrilu 1961, daga nan ta koma yi a ƙarƙashin duwatsu, har ta daina gwaji a hamada cikin 1966. Abubakar bai ga ƙarshen al'amarin ba. Cikin Janairu 1966 waɗansu sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe shi. Aka kai gawarsa Bauchi, can kabarinsa yake.

Daga baya an ga tsoron nan ba na banza ba ne. Cikin 1986 wata tashar lantarki ta nukiliya ta fashe a Chernobyl, iska ta kai dafin ƙasashen Turai da yawa. Cikin 2010 Faransa ta kafa dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar. Cikin 2014 aka buga wata taswirar sojan Faransa, wadda ta nuna ƙurar bam na farko ta iso Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki.

Wannan bai sa Nijeriya ta guji ilmin atom ba. Cikin 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a yarjejeniyar hana makaman nukiliya a nahiyarsu, amma ba su hana amfani da atom don alheri ba. Cikin 2004 aka kunna wata ƙaramar na'urar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, don bincike da koyarwa. Atom kamar wuta yake: tana dafa tuwo, tana kuma ƙone gari. Mai hura ta wajibi ne ya tuna da maƙwabcin da iska ke kaɗawa wajensa. Haƙƙin wannan maƙwabci ne Abubakar ya tsaya ya kare. Allah ya jiƙansa, amin.

Tambayoyi

1. Wane aiki Abubakar ya yi kafin ya shiga majalisa?
2. Ta wace hanya dafin bam kan shiga jikin mutum?
3. Me ya sa mutane suka ji tsoron iskar hunturu cikin 1960?
4. Me gwamnatin Nijeriya ta yi ran 5 ga Janairu, 1961?