WALTER GOWANS: SAURAYIN DA YA BA DA RANSA DOMIN BISHARA

Yawancinmu mun san sunan Rowland Bingham a tarihin mishan na SIM, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san saurayin da ya fara ɗaukar nawayar wannan aiki. Sunansa Walter Gowans, an haife shi a shekara ta 1868, iyalinsa mutanen Sikotlan ne da suka zauna a birnin Toronto na ƙasar Kanada.

Tun yana saurayi zuciyarsa ta ɗoru a kan ƙasar da Turawa ke kira Sudan a zamanin, wato faɗin ƙasar baƙar fata da ke kudu da hamadar Sahara, har da arewacin Nijeriya ta yau. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aike shi, amma ba wadda ta yarda, gama hanyar na da haɗari, kuɗi kuma babu. Mahaifiyarsa Margaret ce ta zaunar da Bingham a gidanta ta bayyana masa bukatar Sudan, har shi ma ya ji kira. Sai Thomas Kent daga Amurka ya zama na ukunsu.

Suka sauka Legas a ranar 4 ga Disamba 1893, da ɗan abin da ke aljihunsu. Wani babban ɗan mishan a can ya gargaɗe su cewa ba za su taɓa ganin Sudan ba. Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai aka shirya ya zauna a Legas yana aika musu kaya, Gowans da Kent kuwa suka nufi arewa. Da guzuri ya ƙare, Kent ya koma ɗauko wani, Gowans ya ci gaba.

A lokacin ana farautar bayi ƙwarai. Mayaƙan Sarkin Kontagora suka kama shi, ya rasa kayansa. Ko da aka sake shi, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, cikin watan Nuwamba 1894, yana da shekara 26. Bayan 'yan makonni Kent ma ya rasu a Bida. Ba su gina majami'a ba, ba su yi wa kowa baftisma ba.

A idon duniya wannan hasara ce tsantsa. Amma da Bingham ya koma Kanada a 1895 ya je gaisuwa wurin mahaifiyar Gowans, ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu a Sudan shi kaɗai cikin biyayya, da ya zauna a gida yana ƙin muryar Ubangijinsa. Bingham ya sake dawowa a 1900, ciwo ya sake kore shi. A ƙoƙari na uku aka kafa tashar mishan a Pategi a 1902. Daga nan aikin ya yaɗu, da makarantu da asibitoci, har aka kafa ECWA a 1954.

Ubangijinmu ya koyar a Yohanna 12:24 cewa iri ba ya ba da amfani sai an binne shi. Kowane ɗan manomi a cikinmu ya san haka. Gowans bai ga girbin ba, amma ya sami abin da ya fi girbi, wato salamar mutumin da ya yi nufin Allah.

Ya ku ɗalibai, musamman masu fita bana, ba lallai a kira mu mu mutu a baƙuwar ƙasa ba. Amma za a kira waninmu ya koyar a ƙauyen da ba wuta ba ruwan famfo, wani ya ƙi cin hanci ko da zai rasa girma a wurin aiki. A ranar nan mu tuna da kabarin Girku. Allah ya ba mu zuciyar biyayya. Amin.