Fatima Ƴar Abdulmalik, Matar Halifa Umar Ɗan Abdul'aziz

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa musulmi, sau da yawa mukan ji labarin adalcin Halifa Umar ɗan Abdul'aziz a kan mumbari, amma ba kasafai muke jin labarin matar da ta ɗauki nauyin wannan adalci tare da shi a cikin gida ba. Ita ce Fatima ƴar Abdulmalik, Allah Ya yi mata rahama.

Fatima ta tashi a gidan sarautar Banu Umayya, a ƙasar Sham. Kakanta Marwan halifa ne, mahaifinta Abdulmalik halifa ne, kuma ƴan'uwanta huɗu, Walid da Sulaiman da Yazid da Hisham, kowannensu ya hau halifanci. Mahaifinta da kansa ya aurar da ita ga Umar, ɗan ɗan'uwansa. A lokacin Umar saurayi ne mai son tufafi masu tsada da turare, kuma sun zauna cikin ni'ima har zamanin da ya riƙe gwamnan Madina.

A shekara ta 99 bayan hijira, wato 717 miladiyya, Sulaiman ya rasu, halifanci ya faɗo a kan Umar. Nan take ya ƙudura mayar da dukiyar da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba, ya kuwa fara da gidansa. Fatima tana da kayan ado na alfarma waɗanda mahaifinta ya ba ta. Umar ya ba ta zaɓi: ko ta mayar da su baitulmali, ko ta yarda su rabu. Ta zaɓi mijinta, aka kwashe kayan aka kai baitulmalin musulmi.

Daga nan ƴar sarki ta koma zaman talakawa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ɗan'uwanta Maslama, jagoran mayaƙa, ya zo gaishe da Umar a ciwon ajalinsa, ya tarar da rigarsa ta yi dauɗa, ya umarce ta da ta wanke. Ta sanar da shi cewa halifa ba shi da wata rigar da zai sauya. Daga bakinta kuma aka san yadda Umar yake kwana yana kuka don tuna mayunwata da marayu da fursunoni waɗanda Allah zai tambaye shi a kansu.

Umar ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101, bayan mulkin shekara 2 da wata 5. Da ɗan'uwanta Yazid ya hau, ya nemi ya mayar mata da kayanta. Ta ƙi karɓa, domin ba ta yarda ta bi mijinta yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba.

Ya ƴan'uwa, amanar shugaba daga cikin gidansa take farawa. Mai riƙe da dukiyar jama'a, ko ta ƙasa ce ko ta masallaci, idan iyalinsa suka dame shi da buƙatun da suka fi ƙarfin samunsa, sun buɗe masa ƙofar cin amana. Mu tambayi kanmu, maza da mata: muna binciken inda abin da ke shigowa gidajenmu ya fito?

Allah Ya ba shugabanninmu iyali masu taimaka musu a kan gaskiya, Ya wadata mu da halal. Amin.