MALAM SA'ADU ZUNGUR DA SHA'ANIN GARIN BAUCI

A wannan mako filin namu zai waiwayi rayuwar marigayi Malam Sa'adu Zungur, Allah Ya jiƙansa, mutumin da yawanci ake tunawa da shi a matsayin ɗan siyasa da mawaƙi, alhali kuwa tun kafin waɗannan duka shi malami ne, kuma da idon malami ya riƙa duban yadda ake tafiyar da garinsu.

An haife shi a birnin Bauci wajen shekarar 1915, a gidan ilmi, inda ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafan fiƙihu da Larabci tun yana ƙarami. Ya yi Kwalejin Katsina, sa'an nan a 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, shi ne kuwa ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Daga baya ya koyar a Zariya a fannin kiwon lafiya, har ciwon ƙirji ya tilasta masa komawa gida.

Wannan komawa ita ce abin lura. Bauci a lokacin ba ta wuce matsakaicin gari ba, kowa ya san kowa. Haraji da shari'a da kurkuku da kasuwa duk suna hannun En'e, En'e kuma tana ƙarƙashin Razdan da Di'o. Talakan da ya ga an zalunce shi ba shi da wurin kai kuka sai ga wanda ya zalunce shi ɗin, ko ga ubangidansa. A irin wannan gari faɗin gaskiya ya fi wuya, domin wanda za ka soka maƙwabcinka ne, watakila ma surukinka, kuma gobe sahu ɗaya za ku tsaya a masallacin Juma'a.

A 1943 Malam Sa'adu da waɗansu malaman Makarantar Midil ta Bauci, cikinsu har da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka kafa ƙungiyar kyautata zaman jama'ar Bauci. Aka riƙa zama ana muhawara a fili kan al'amuran gari da na ƙasa, ma'aikatan En'e da Turawan mulki suna halarta. A nan ne aka ga bambancin Malam Sa'adu. Waɗansu 'yan boko sukan kafa hujja da abin da suka karanta game da Ingila, shi kuwa ya fi dogara ga abin da Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu suka rubuta game da shawara da amana da haƙƙin talaka a kan shugaba. Hujjar Ingila ana iya kore ta a ce baƙuwa ce, amma wanda ya gaji sarautarsa daga tutar Shehu, yaya zai yi ya ƙi maganar Shehu? Zaman bai yi tsawon rai ba. Da muhawara ta kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya isa, aka rufe.

Bai kuma taƙaita gargaɗinsa ga masu mulki kaɗai ba. A Waƙar Bidi'a jama'ar gari ya fuskanta, ya soki al'adun da aka cusa cikin addini. A waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya kuwa ya ja kunnen sarakuna su gyara da hannunsu tun da sauran lokaci, ya ba su misalin abin da ya sami sarakunan Indiya. Duk da zafin harshensa, wannan nasiha ce ta mai son gida ya tsaya.

A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko. A 1949 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta naɗa shi mai ba ta shawara kan shari'ar Musulunci, da aka kafa NEPU a Kano a 1950 kuma ya kasance cikin manyan masu yi mata jagora da tunani da alƙalami, ko da yake rashin lafiya ya riƙe shi a Bauci mafi yawan sauran kwanakinsa.

Ya rasu a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai, bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba. Jami'ar Jihar Bauci da ke Gaɗau yanzu da sunansa ake kiranta. Allah Ya gafarta masa, amin.