Gaspard Monge: Ɗan talakan da aka mayar da zanensa sirrin soja

Ɗalibin da ke zaune a aji a Miga ko Haɗeja, da allon zane da fensir da rula a gabansa, malami ya ajiye bulo ɗaya a kan tebur ya ce a zana fuskarsa ta gaba da ta gefe da yadda yake idan an leƙo shi daga sama, da wuya ya san cewa darasin nan ya taɓa zama abin da gwamnati ta hana a koyar a fili. Sunan darasin zanen otogirafik, kuma wanda ya shimfiɗa ƙa'idojinsa Bafaranshe ne mai suna Gaspard Monge, wanda ya rasu fiye da shekaru 200 da suka shuɗe.

An haife shi a watan Mayun 1746 a garin Beaune da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ba shi da jinin sarauta. Yaron ya yi karatu a makarantun limaman coci, kuma yana ɗan shekara 17 aka ba shi aji yana koyar da kimiyyar fiziks a birnin Lyon. Da ya koma gida a 1764 sai ya zana taswirar garinsu da kayan awon da ya ƙera da hannunsa. Wani hafsan soja ya ga taswirar, ya yi masa hanya zuwa makarantar injiniyoyin soja ta Mézières.

Shiga kam ya shiga a 1765, amma ta ƙofar baya. Kujerun ɗaliban da za su zama hafsoshi na 'ya'yan manya ne, don haka aka tura shi sashen masu zane da masu gina samfurin ganuwa da filasta. Can ne wata rana aka ba shi aikin da kowa ke gudu, wato a lissafa tsayi da fasalin bangon sansani ta yadda maƙiyin da ya hau tudu a waje ba zai hango na ciki ba, balle ya same su da igwa. Bisa al'ada, lissafi ne mai tsawo da ke cin lokaci. Monge ya ajiye lissafin ya ɗauki rula da kamfas, ya warware matsalar da zane. Saurin da ya yi ya sa da farko shugaban makarantar ya ƙi karɓar aikin, don a ganinsa ba a yi shi yadda ya kamata ba. Da aka bincika aka tarar daidai yake, sai aka umarce shi ya kama bakinsa, domin dabarar ta zama sirrin soja.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A ɗauka an rataye abu a cikin ɗaki, ga bango a bayansa, ga daɓe a ƙarƙashinsa. Daga kowane lungu na abin sai a ja layi a miƙe zuwa bango, a ja wani a miƙe zuwa daɓe. Abin da ya fito a bango shi ne fuskar gaba, wanda ya fito a daɓe shi ne kallon sama. Sai a kwantar da bangon ya daidaita da daɓen, su zama takarda ɗaya, hoto ɗaya a saman ɗaya. Duk ɗigon da ke cikin abin yana da wakilai biyu a takardar, suna kan layi guda, kuma daga su biyun ana iya gano ainihin tsawo da faɗi da kusurwa ba tare da an taɓa abin ba. Magina da masassaƙa duwatsu sun daɗe suna amfani da guntayen wannan hikima, kowa da tasa, ana gadonta daga uba zuwa ɗa. Aikin Monge shi ne ya tattara su ya mayar da su ƙa'ida ɗaya da za a iya koya wa kowa a aji. Shi ya sa injiniya zai zana kwalbati a Dutse, magini ya gina ta a Miga, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Ɗaya zanen da ake haɗawa da wannan a manhaja, wato aisometirik, ba nasa ba ne. Wani malamin Jami'ar Cambridge ta Ingila, William Farish, shi ya bayyana ƙa'idarsa a 1822. Shi wannan hoto ɗaya ne da ke nuna fuskoki uku lokaci guda, layukan gefe suna tashi da digiri 30. Ya fi daɗin kallo, amma mai ƙira ya fi dogara da na Monge wajen awo.

Makarantar da ta hana shi kujerar ɗalibi ta ba shi ta malami kafin 1770. A 1780 ya zama mamba a Cibiyar Kimiyya ta Faransa. Shekara ɗaya bayan haka ya gabatar da wani nazari da duk wanda ya taɓa ganin aikin jinga a bakin kogin Haɗeja zai gane amfaninsa: idan za a haƙo ƙasa daga nan a cike can, wane kwando ya kamata ya tafi ina don a rage wahalar ɗauka? Tambayar ta jira har 1942 kafin masanin lissafi na Tarayyar Sobiyat Leonid Kantorovich ya sake buɗe ta, kuma a yau reshe ne guda na ilimin lissafi da tattalin arziki.

Da juyin juya halin 1789 ya zo, Monge bai tsaya shawara ba. Mutumin da aka taɓa auna shi da asalin mahaifinsa ya rungumi sabon tsari da zuciya ɗaya. A watan Agustan 1792 aka naɗa shi ministan sojojin ruwa, kuma yana cikin gwamnatin da ta zartar da hukuncin kisa a kan Sarki Louis na 16 a watan Janairun 1793. Ministan bai yi wani abin a zo a gani ba, ya sauka bayan wata takwas. Inda ya yi amfani shi ne masana'antun makamai, lokacin da sarakunan Turai suka yi wa Faransa taron dangi. Ya rubuta littafi kan yadda ake ƙera igwa, ya tsaya a kan aikin albarushi da ƙarfe.

Wannan guguwa ce ta ɓalle kwaɗon da aka sa wa zanensa. A 1794 yana cikin waɗanda suka kafa makarantar da shekara ɗaya bayan haka aka raɗa wa suna École Polytechnique, inda ake shiga ta hanyar jarrabawa, ba a tambayar wane ne uban yaro. Daga sunanta ne kalmar foliteknik ta bazu a duniya har ta iso Kaduna da Haɗeja. A 1795 ya koyar da dabarar a bainar jama'a, kusan shekaru 30 bayan ya gano ta, sannan aka buga darussan a littafi a 1799.

Sai dai tarihinsa yana da tabo. A 1796 an tura shi Italiya cikin kwamitin da ke zaɓar kayan tarihi da littattafan da za a kwashe zuwa Paris, aikin da sunansa na gaskiya ganima. A can ya saba da Janar Napoleon Bonaparte, kuma tun daga lokacin bai ƙara ganin laifinsa ba. Ya bi shi mamayar Masar a 1798, ya shugabanci cibiyar binciken da Faransawa suka kafa a Alƙahira, ya yi bayanin kimiyya kan kawalwalniyar da ke yaudarar sojoji a hamada. A watan Oktoban shekarar mutanen Alƙahira suka yi bore, sojojin Faransa suka yi luguden wuta a unguwar Azhar, suka kutsa cikin masallacin da dawakai. Monge yana birnin, kuma hakan bai raba shi da maigidansa ba.

Napoleon ya naɗa kansa sarki a 1804. Tsohon ɗan jamhuriya, wanda tun kafin nan ya karɓi kujerar majalisar dattawa, ya kai ga shugabantar ta, a 1808 kuma ya karɓi sarautar da aka laƙaba wa sunan Péluse, wani tsohon gari a Masar. Lokacin da aka mayar da makarantarsa barikin soja aka sa kuɗin karatu, abin ya dame shi, ya riƙa sadaukar da albashinsa don biya wa ɗalibai marasa hali.

Bayan faɗuwar Napoleon a 1815 gidan sarautar da aka tumɓuke ya dawo, kuma bai manta da 1793 ba. A 1816 aka kore shi daga cibiyar kimiyya, aka rufe makarantarsa na wani lokaci. Ya ƙarasa kwanakinsa cikin rashin lafiya da gushewar tunani, ya rasu a Paris ranar 28 ga Yulin 1818. Hukuma ta hana ɗaliban makarantar halartar jana'izarsa. Da ranar hutunsu ta zagayo sai suka ɗunguma zuwa maƙabartar Père Lachaise suka tsaya a kan kabarinsa. A watan Disambar 1989, yayin bikin cika shekaru 200 da juyin juya hali, gwamnatin Faransa ta mayar da ƙasusuwansa Panthéon, inda ake binne manyan mutanen ƙasar.