Dorugu, yaron Dambanas

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Da zaman lafiya ake, da a nan Dorugu zai girma, ya gaji gona da ganga.

Amma zamanin na hari ne. Yana yaro aka kama shi, aka yi ta sayar da shi har Kukawa, babban birnin Barno. Tafiyarsa ta farko ke nan, kuma ba shi ya zaɓe ta ba. A can wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi, shi da wani yaro, Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran suka bi abokinsa Barth, wanda mutane ke kira Abdulkarim.

Suka kama hanyar yamma. Daga Damagaram suka bi ta Gazawa zuwa Katsina, wato ta gabas da Madarumfa. Suka wuce Sakkwato, suka ƙetare kogin Isa a Sayi, suka shiga Tumbutu a 1853. Bayan sun komo Kukawa, a 1855 suka ratsa hamada har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, sai ƙasar Turai. Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ba, amma ya ga Landan, ya ga Jamus.

Abbega bai daɗe ba ya koma Afirka. Daga baya ma ya zama sarkin Lokoja. Dorugu kuwa ya zauna Ingila wajen wani malami, Schön, mai nazarin Hausa. Yaron ya riƙa ba shi labari, malamin yana rubutawa. Ya faɗi abin da ya gani a hanya, har yadda Turawa ke zama cin abinci. Amma bai tsaya nan ba. Ya ba da labarin ƙauyensu da iyayensa, ya yi tatsuniyoyin da ya ji tun yana ƙarami. Mai bauta ya raba shi da gida, bai iya raba shi da harshensa ba. An buga labaran a 1885 cikin littafin Magana Hausa.

A 1864 Dorugu ya bar Ingila, ya komo. Ya yi shekaru yana aikin tafinta. Da tsufa ya zo, sai ya zauna Kano, yana koyar da yara karatun boko a makarantar Ɗan Hausa, a Nasarawa. A nan ya rasu a 1912, tafiyar ƴan kwanaki kaɗan daga ƙauyen da aka haife shi.