Piyer Kuri, mai matse duwatsu

An haifi Piyer Kuri a birnin Pari, cikin ƙasar Faransa, a shekarar 1859. Ubansa likita ne. Bai sa shi makaranta ba yana ƙarami, a gida aka koya masa karatu da lissafi. Duk da haka yana da shekara 18 ya samu digirinsa na kimiyya.

Piyer yana da wa, sunansa Jak. Su biyu suna son binciken duwatsu masu ƙyalli. A shekarar 1880 suka yanko ɓallin dutsen ƙanƙara, wanda Turawa ke kira kwartz, suka ɗora masa nauyi. Sai ga lantarki kaɗan ya bayyana a gefensa biyu. Suka ƙara nauyi, lantarkin ya ƙaru. Suka gwada da ƙwayar sukari, ita ma haka. Shekara ta zagayo, suka juya gwajin: suka sa wa dutsen lantarki, sai ya miƙe ko ya takure, ɗan kaɗan, yadda ido ba ya gani. Da an cire lantarkin, ya koma yadda yake, kamar danƙo.

Dubi agogon hannu mai batir. Akwai ɗan guntun wannan dutse a ciki, yana kaɗawa sau 32768 kowace daƙiƙa. Shi ke ƙirga lokaci.

A 1895 Piyer ya nuna cewa ƙarfe, in ya yi zafi ya wuce wani mizani, halinsa na maganaɗisu yana gushewa. Mizanin baƙin ƙarfe wajen digiri 770 ne. Sunan Kuri aka sa wa wannan mizani. Bayan mutuwarsa aka gano wasu duwatsu masu riƙe lantarki da kansu, su ma da nasu mizanin. Cikinsu a rarrabe yake kamar gonaki, kowane yanki lantarkinsa na fuskantar wani gefe. In an shimfiɗa su siriri bisa wani dutse, na ƙasan ya kan ja su ko ya matse su, sai yankunan su jeru kamar kunyoyi.

A wannan shekara ta 1895 ya auri Mari, ƴar ƙasar Polan. Cikin wata tsohuwar rumfa mai yoyo suka yi aiki, har suka gano radiyom a 1898. Aka ba su kyautar Nobel a 1903.

Ranar 19 ga Afrilu 1906, ana ruwa, Piyer zai ƙetare titi a Pari, ya zame ya faɗi. Keken doki mai kaya ya take shi, ya mutu nan take. Shekarunsa 46. Ya bar Mari da ƴaƴa mata biyu, ita ce aka ba kujerarsa ta koyarwa a jami'ar Sorbon.